Kwalbar Lemo da Wayar Sata: Wa Ya Cancanci Zargi a Kasuwa?

Tun daga ƙarshen shekarar 2023, da hotunan Gaza suka cika wayoyin mutane, wata irin magana ta shigo wuraren suna da walima a garuruwanmu. An shimfiɗa tabarmi, an kawo shinkafa a faranti, yaro ya biyo layi da kiret yana dire wa kowa kwalbar lemo a gabansa. Sai wani matashi ya sa bayan hannu ya ture tasa, ya dubi mai gida ya ce, "Haba Alhaji, har da kai? Da kuɗinka fa ake kashe 'yan'uwanmu." Mai gida, wanda ƙila bashi ya ciwo ya yi hidimar, ya rasa ta cewa. Wasu su sunkuyar da kai, wasu su tura tasu kwalbar bayan ƙafa, wani dattijo ya ce a yi haƙuri a ci abinci.

Matashin nan ba neman suna yake yi ba. Ya ga abin da ya hana shi barci, ba shi da bindiga, ba shi da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya, aljihunsa kaɗai ya rage masa, shi ya sa ya riƙe shi da hannu biyu. Shi ma mai gidan ba maƙiyin Falasɗinawa ba ne. Ƙila ya fi kowa kuka a alƙunut. Abin da ya haɗa su faɗa tsohuwar tambaya ce: yaushe abin da mutum ya saya da guminsa yake zama hujja a kansa, kuma wa ke da hurumin tsare shi da ita?

Akwai masu cewa ai kasuwa kasuwa ce, ka biya ka ɗauka, babu ruwan ciniki da halin kirki. Wannan ba gaskiya ba ne, tarihi ma ya ƙaryata shi. A shekarar 1791 mutanen Ingila, galibinsu mata masu riƙe da cefanen gida, suka daina sayen sukarin da bayi ke nomawa a tsibiran Karebiyan. An ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne suka shiga, kuma wannan yunƙuri yana cikin abin da ya tara ra'ayin jama'a har majalisa ta haramta fataucin bayi a 1807. A Ankara ta ƙasar Gana, cikin Janairun 1948, wani basarake mai suna Nii Kwabena Bonne ya jagoranci ƙaurace wa kayan kamfanonin Turawa saboda tsawwala farashi, aka yi kusan wata guda ana ja-in-ja har kamfanonin suka yarda su rage ribarsu. A tarihin Musulunci ma akwai Sumamatu ɗan Usal, shugaban Yamama, wanda bayan ya musulunta ya hana alkamar ƙasarsa shiga Makka. Saboda haka wanda ya ce kuɗin cefane ba makami ba ne bai karanta ba.

Sai dai ƙarshen labarin Sumamatu ba a cika faɗarsa ba. Da yunwa ta ci mutanen Makka, suka aika wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna roƙo da zumunci, sai ya umarci Sumamatu ya bar abinci ya wuce. Annabi da ya san ɗacin takunkumi, domin Ƙuraishawa sun taɓa killace danginsa kusan shekara uku ba saye ba sayarwa, bai yarda a yi amfani da cikin talaka a karya shugabanninsa ba.

In aka duba ƙauracewar da ta yi nasara, za a ga aiki ne aka tsara, ba tsangwama aka yi ta yi ba. Misali mafi bayyana shi ne na garin Montgomery a Amurka, inda baƙar fata suka daina hawa motocin safa na birni daga Disambar 1955, suka yi kwana 381 a kan haka saboda wariyar kujeru. Yawancin fasinjojin nan 'yan aikin gida ne da leburori, waɗanda in ba su je aiki ba ba za a ɗora tukunya ba. Masu shirya abin sun san haka. Sai suka haɗa motoci kusan 300 na masu hali suna jigilar mutane, coci-coci suka sayi motoci, mata suka riƙa dafa abinci suna sayarwa ana zuba kuɗin mai. Kafin a ce wa tsohuwa kada ta hau safa, an tanadar mata abin da za ta hau. Kuma kowa ya san da wa ake faɗan, me ake nema, da ranar da za a ce an samu.

Akwai kuma ɗaya fuskar. Bayan Turawan mulki sun raba lardin Bengal na Indiya a 1905, aka tashi da kiran a daina sayen yadi da gishiri da sukarin Ingila, a koma na gida. Manufa mai kyau. Amma yadin gida ya fi tsada, kuma ƙananan 'yan kasuwa da manoma, da yawansu Musulmi matalauta, su ne aka riƙa tilasta wa, ana ƙona musu kaya. Marubuci Rabindranath Tagore, wanda da farko yana cikin masu kiran, ya ja da baya, ya rubuta labarin Ghare Baire a 1916, inda wani mai ƙasa ya ƙi korar kayan waje daga kasuwarsa saboda ya san talakawansa ba su da kuɗin na gida. 'Ya'yan masu hali ne suka yi shelar, marasa hali suka biya kuɗinta. Wannan ciwon ne nake gani yana ɗan leƙowa a cikinmu.

Mu dubi aljihun wanda muke zargi. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta faɗa a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma mafi yawansu a Arewa suke. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A wannan shekarar aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, alhali buhun shinkafa ya fi haka. A lokacin ne mutane suka koma sayen afafata, shinkafar da masu casa ke warewa a da don kiwon kifi. Mutumin da ke wannan hali ba zaɓe yake yi a kasuwa ba. Abin da kuɗinsa suka kai shi yake ɗauka.

Shinkafar ma ta koya mana darasi. Da aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, cin 'yar waje ya zama kamar cin amanar ƙasa. Ana nuna mai buhunta da baki, ana cewa irinsu ne ke kashe manoman Kebbi da Kura. Akwai gaskiya a maganar, domin fasa-ƙwauri yana karya manomi. Amma aka sake buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, sannan a Yulin 2024 gwamnati da kanta ta ba da sanarwar ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da shinkafa samfarera da masara da alkama da wake. Abin da aka zagi matar gida a kansa jiya, sai ga shi ya zama manufar hukuma. Matar ba ta canja ba. Tun farko abin da take lissafi shi ne wace shinkafa ce za ta fi auki a tukunya, wace ce ba sai ta zauna tsintar tsakuwa ba.

Haka batun gawayi. Ba shakka saran itatuwa yana cinye dazukanmu, Hamada tana matsowa, kuma jihohi da dama sun kafa dokar hana sana'ar. Amma je ka tsaya a tsakar gidan haya da yamma. Ga tukunyar gas can a lungu, ƙura ta rufe ta tun ranar da kuɗin cikawa ya gagara. Uwar gida ta aiki yaro da 'yan canji ya sayo gawayi ƙulli ɗaya a leda, ta zuba a kurfoti, ta durƙusa tana fifita da murfin roba, idonta na hawaye, goyonta na tari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara a faɗin duniya. Uwar gidan nan ce farkon wadda abin ke cutarwa. Wanda zai tsaya a kanta ya yi mata wa'azin kare muhalli, alhali ana loda gawayi tirela-tirela ana fita da shi, ya saki reshe ya kama ganye.

Wannan ɗabi'a ta ɗora wa ƙaramin mai saye laifin babban mai sayarwa ba a nan ta tsaya ba, wani lokaci ma da gangan ake shuka ta. A tsakiyar shekarun 2000 kamfanin mai na BP ya kashe maƙudan kuɗi wajen tallata wani ma'auni da kowane mutum zai auna yawan hayaƙin da rayuwarsa ke jawowa. Ma'aunin ba ƙarya ba ne, amma ya karkatar da ido daga rijiyoyin kamfanin zuwa kicin ɗin mutane. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 kuma ya gano wani abu mai ciwo: in mai albashi mai tsoka ya sayi abincin da aka noma ba feshin magani, mutane sukan yaba halinsa, in kuwa mai karɓar tallafin gwamnati ne ya sayi irinsa, sai a ce almubazzari ne. Wato talaka in ya sayi mai araha a ce ba shi da tausayi, in ya sayi mai tsada a ce bai san ciwon kansa ba.

Sannan ga tsawon sarƙar. Wayar da ake rubuta zargin da ita tana da batir, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na ma'adinin kobalt da ake haɗa irin waɗannan batura daga Kwango ake haƙo shi, inda ƙungiyar Amnesty ta nuna a rahotonta na 2016 cewa har yara na aiki a ramukan. Cakulan da muke saya wa 'ya'yanmu, yawancin kokonsa daga Kwaddebuwa da Gana yake, kuma binciken da wata cibiya ta Jami'ar Chicago ta fitar a 2020 ya ƙiyasta yara miliyan 1.56 na aikin ƙarfi a gonakin. Rigunan da ke ƙarewa a dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, da yawa an ɗinka su ne a masana'antu irin na ginin Rana Plaza a Bangaladash, wanda ya rufta ranar 24 ga Afrilun 2013 ya kashe mutum 1,134. Wanda ya fi kusa da mu shi ne zinare. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, a 2019 kuma aka hana haƙar ma'adinai a jihar saboda alaƙarsa da 'yan bindiga. An daɗe da sanin cewa zinaren Afirka mai yawa ta ɓarauniyar hanya yake isa Dubai, inda ake narke shi ya gauraya da sauran. Daga can muke sayo sarƙa da 'yan kunnen lefe. Babu amaryar da za ta iya rantsuwa a kan ramin da nata ya fito.

Ba na kawo wannan don a ce tunda kowa ya taɓa, to kowa ya ci gaba. Wannan hujjar malalata ce, kuma da ita ake kashe kowane gyara tun yana jariri. Abin da tsawon sarƙar ke nunawa shi ne laifi hawa-hawa ne. Wanda ya riƙe wuƙa daban, wanda ya wasa masa ita yana sane daban, wanda kuɗinsa suka bi ta hannu ashirin kafin su isa maƙera shi ma daban. Wanda ya dunƙule su ya kira su da suna ɗaya ya yi zalunci, ko da niyyarsa adalci ce.

Malamanmu sun daɗe da tsefe wannan mas'ala, kuma abin mamaki ne yadda muke jayayya a kanta kamar yau aka fara. Imam Gazali ya ware babi guda a Ihya'u kan halal da haram, ya kasa tsantseni mataki huɗu, daga barin abin da shari'a ta haramta ƙarara har zuwa na siddiƙai masu barin halal ma in ba zai kusantar da su ga Allah ba. Matakin farko ne kawai ake bin kowa bashinsa. Sauran ukun mutum kansa yake ɗora wa. Ya kuma yi bayanin cewa in wanda ba ka san halinsa ba ya ba ka abinci, kuma babu wata alamar ɓarna a bayyane, ba a ɗora maka binciken asalinsa ba, titsiye shi da tambaya ma cutar da Musulmi ne. A hadisin Nana A'isha, mutane sun kawo kukan cewa ana kawo musu nama ba su san ko an ambaci sunan Allah wajen yankan ba, aka umarce su su ambata da kansu su ci. Kuma sananne ne cewa Annabi ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude a kan sa'i talatin na sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Ciniki da wanda ba addininku ɗaya ba, ko wanda kuke da saɓani da mutanensa, bai zama laifi don kansa ba.

Malaman Malikiyya sun gindaya sharuɗɗa ga mai hani da mummuna: ya san abin da yake hanawa da ilimi, kada haninsa ya haifar da ɓarnar da ta fi, kuma wajibcin yana rataye da zaton maganar za ta yi amfani. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi fama da wasu ɗalibai a zamaninsa masu tsare talakawa da tambayoyin tauhidi, duk wanda ya kasa kawo hujja irin ta littafi su kafirta shi. Ya rubuta littattafai masu yawa yana yi musu raddi, kuma ya yi ta nanata cewa ba a tsananta wa jama'a a kan abin da malamai suka yi saɓani. Mutumin da ya yaƙi sarakuna a kan zalunci, shi ne ya fi kowa sassauci ga talaka a kan abin da bai sani ba. Zafinsa sama yake dubawa.

To amma fiƙihun da ya sassauta a can, ya tsananta a wani wuri, kuma nan ne muke kawar da kai. Mazhabar Malik ta hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi, ta hana sayar da makami a lokacin fitina, kuma babu saɓani kan haramcin sayen abin da ka san na sata ne ko na ƙwace. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ma ta sa karɓar kayan sata cikin laifuffukan da ake ɗauri a kansu. Yanzu mu tambayi kanmu: wa ke sayen wayoyin da ake ƙwacewa a titunan Kano da Kaduna?

Yaro ya zo maka da waya ta naira dubu ɗari uku, ya ce ka kawo saba'in. Ba kwali, ba rasit, ba caja, a kulle take da lambar da bai sani ba, yana magana yana waige-waige. Ka ce, "Ɗan'uwa, ba dai matsala ko?" Ya ce, "Wallahi ta yayana ce, kuɗi yake nema." Ka san ƙarya yake yi, shi ma ya san ka sani. Ka biya, ka kai a buɗe ta, ka goge hotunan mai ita, waɗanda ƙila na 'ya'yansa ne. Mai wayar nan yana iya kasancewa a gadon asibiti da sara a wuya, yana iya kasancewa a maƙabarta. Tsakanin kuɗinka da wuƙar hannu ɗaya ne tak. Kuma in ba don akwai irinka ba, yaron ba zai fita da wuƙa gobe ba, domin ba a cin waya. Amma in ka nuna ta a majalisa, abin da za a ce shi ne, "Kai, ka yi sa'a!"

Haka shanun sata. Garken da aka kore daga ruga bayan an kashe mai shi ba a daji yake ƙarewa ba; mota yake hawa, ya shiga kara, ya bi ta hannun dillali da mahauci ya zama tsire. Shi ya sa a Satumbar 2021 jihohin Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna suka rufe kasuwannin dabbobi da dama suka hana safararsu. Mai cin tsiren bai sani ba, ba a kuma bin sa bashin sani. Amma wanda aka kawo wa bijimi da asuba a rabin kuɗinsa ba tare da shaida ba, ya sani. Haka mai sayen abincin yara masu tamowa, wanda aka rubuta a jikin ledarsa cewa ba na sayarwa ba ne, ya kai gida yara masu ƙoshin lafiya su lashe don daɗi. Haka mai hali da ke jiran ɗan gudun hijira ya galabaita, ya saye gonarsa ko akuyarsa ta ƙarshe a kuɗin da shi kansa ya san wulaƙanci ne. A duk waɗannan, mai saye ya san cutar, yana ganin wanda aka cuta ko ya san unguwarsu, kuma da ya bari babu abin da zai same shi. Waɗannan ne suka cancanci a ƙi gaisawa da su, amma su muke kira masu wayon ciniki.

Me ya sa ma'auninmu ya kife haka? Ina ganin dalili biyu ne suka haɗu. Kwalba tana da tambari, kowa na ganinta daga nesa, wayar sata kuwa ba ta da alama a aljihu. Na biyun ya fi nauyi: zargin mai shan lemo ba ya cin komai daga jikinmu, amma zargin mai sayen kayan sata yana nufin mu fuskanci maƙwabci, ko suruki, ko mai gidan da muke ci a ƙarƙashinsa, ko mu kanmu. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma tudun da ya fi nisa ya fi daɗin hange.

Duk da haka ba zan yarda a mayar da masu ƙauracewa abin dariya ba, domin su ma ana yi musu nasu hukuncin. Ka ƙi karɓar kwalba cikin ladabi, sai a ce, "Malam, kai kaɗai za ka rusa kamfanin? Su can sun san da zamanka?" Wannan ma shiga hakkin mutum ne. Yana da ikon tsame hannunsa daga abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, ko da ba zai canja komai ba. Balle ma yana canjawa. A 2024 kamfanonin McDonald's da Starbucks sun amsa da bakinsu cewa cinikinsu ya ragu a Gabas ta Tsakiya da wasu ƙasashen Musulmi, McDonald's har ya saye rassa 225 daga hannun ɗan kasuwar da ke riƙe da sunansa a Isra'ila, wanda raba wa sojoji abinci kyauta da ya yi ne ya tayar da ƙurar. A Masar wani tsohon lemon gida mai suna Spiro Spathis, wanda aka kafa tun 1920, ya farfaɗo har ya kasa wadatar da masu nema. Sau da yawa mai yi wa ɗan ƙauracewa ba'a, kansa yake karewa, domin ganin wani ya bari yana tuna masa cewa shi ma zai iya.

Abin da nake nema daga mai ƙauracewa shi ne ya san inda dutsensa zai sauka. A 2006, bayan zanen ɓatanci da wata jaridar Denmark ta buga, kamfanin madara na Arla, mai madarar Dano, shi ya fi kowa shan duka a ƙasashen Larabawa, alhali manoma ne suka mallake shi, ba shi da hannu a jaridar. A nan gida ma, lemon da ake turewa a walima a Najeriya ake ɗura shi, 'ya'yanmu ne ke aiki a masana'antar, su ke tuƙa motocin, su ke turin baro, kuma mai kantin da ya ɗauko kiret hamsin bashi shi zai fara jin jiki kafin wani mai hannun jari a Amurka. Wannan bai soke ƙauracewar ba, domin wani kaso na ribar yana tafiya can, kuma masu kiran suna da hujjarsu game da masana'antar da mai lasisin kamfanin lemon ke da ita a yankin Falasɗinawa da aka mamaye. Amma ya isa ya sa mutum ya sassauta harshe. Ita kanta ƙungiyar ƙauracewa ta BDS da Falasɗinawa suka kafa a 2005 tana jan hankalin magoya bayanta su taru a kan kamfanoni kaɗan da aka tabbatar da hannunsu, maimakon dogayen jerin sunaye da ke yawo a WhatsApp, waɗanda wani lokaci har kayan da ake yi a Kano da Legas ake cusawa a ciki ba hujja. Tura irin wannan jeri ba bincike na iya kashe sana'ar bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wanda ke son mai gida ya daina raba lemon nan yana da hanyar da ta fi tsawa a gaban baƙi. Ya same shi kafin ranar, su biyu, ya gaya masa abin da ya sani da inda ya samo shi. In da hali ya ce, "Baba, bar mini abin sha, ni zan kawo," ya sa a haɗa zoɓo da kunun aya da lemon citta, kuɗin ya shiga hannun matan unguwa. In an ƙi, ya bar tasa kwalbar a rufe ya ci abincinsa. Kuma ya fi matsa wa mai hali a kan mara hali, domin wanda zai iya sayen kowane iri shi ne zaɓinsa ke nuna halinsa.

Ƙarfin da muke da shi na kunyata juna ba kaɗan ba ne. A ƙasar Hausa mutum ya fi tsoron a ce ya yi abin kunya a kan a kai shi kotu. Shi ya sa bai kamata a ɓarnatar da shi ba. A tsarin hisba na da, muhtasibi kasuwa yake shiga ya duba mudu da sikeli da algus, wato hannun mai sayarwa da dillali, ba ƙwaryar cefanen matar aure ba. Kasuwanninmu har yau suna da shugabanni: akwai sarkin pawa, akwai sarkin dillalai, akwai ƙungiyoyin masu sayar da waya da masu gyaranta. A kara an san al'adar neman shaida kafin a sallama dabba, a rubuta sunan mai ita da garinsu da wanda ya tsaya masa. A kasuwar waya ana iya cewa ba a saye, ba a buɗewa, sai da rasit ko kwali mai lambar IMEI da ta dace, a kuma ajiye hoton wanda ya kawo. Wasu kasuwannin sun fara, abin da ya rage shi ne jama'a su tsaya a bayansu, limamai su faɗa a mumbari da irin zafin da suke faɗar na nesa, iyaye su tambayi ɗansu inda ya samo wayar da albashinsa bai kai ba. Masu karɓar wayar ƙwace a birni guda ba su kai yawan masu shan lemo a unguwa ɗaya ba, kuma 'yan kasuwar sun san rumfunansu.